Nauyin da Na Ɗora Miki

Rusaifa, Makka
Safiyar Litinin

Zuwa ga Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki ranki ya yi sanyi. Allah Ya tsare ki a zaune da a tafe, Ya kare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani.

Za ki yi mamakin takarda daga wadda ƙofar ɗakinta ke kallon taki. Kin dai san halinmu. Ke ce 'yar fari, ke kaɗai kuma Allah Ya ba ni, ga sunan mahaifiyata da aka sa miki, wanda ban taɓa kamawa da bakina ba. Akwai maganar da ba zan iya kallon idonki in faɗa ba. Jiya bayan la'asar, da kika ajiye fasfonki a kan farantin shayi kika ce, "Halas, shi ke nan, Umma, ba inda za ni. Wa zai kula da ke?" sai kawai na ce ki miƙo mini sukari. Jirginki ranar Alhamis ne. Jami'a ta ba ki gurbi a Kano, Goggonki ta share miki ɗaki, ke kuma kina shirin watsar da duka saboda ni. Shi ya sa na zauna nake rubuta miki da Hausa, Hausar da kika koyi karantawa a littattafaina na soyayya. Ki bi ta a hankali, kada ki tsallake.

Kin tuna Talatar da Hajiya Indo maƙwabciyarmu ta faɗo mana ba sallamar kirki? Shekarunki goma sha uku a lokacin. Ina kwance a ƙarƙashin mukayyif, na'urar nan ta sanyaya ɗaki, littafi a kife a ƙirjina, ke kina gefen gado da kayan makaranta a jikinki kina matsa mini ƙafa. Kwana na uku ke nan ba ki je makaranta ba. Likita ya ce hawan jini ne da ciwon baya, ya ba ni magani, ya ce in riƙa motsa jiki. Na karɓi maganin, na bar masa motsa jikin.

Bari in faɗa miki gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ciwon yana yi mini daɗi. A littattafan da alhazai ke kawo mini daga Kano a ƙasan jaka, duk yarinyar da ake ji da ita sai ta yanke jiki ta faɗi, a ɗauke ta cak a sa a mota, kowa ya taru a kanta yana sannu. An kawo ni garin nan ina amarya 'yar shekara goma sha tara, ba uwa ba ƙanwa, Abbanki yana unguwar Aziziyya tun safe yana gyaran mukayyif a gidajen alhazai. Ba wanda ke tambayata yaya nake sai ranar da na kwanta. Sai na koyi kwanciya.

Hajiya Indo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu, ta ce da Hausarta ta Maraɗi, "Ke Rabi, mi kike yi ma ɗiyar ga? Ke da ko arba'in ba ki kai ba kin kwanta kamar gawa tana jiran likkafani? Ni da na haife ki ina hawa bene huɗu. Tashi ki sa abaya, da la'asar za mu wurin tsohuwar Caina."

Na ce, "Hajiya, jiri nake ji."

Ta ce, "Ki taho da jirin, shi ma a koya mashi."

Daga wannan rana komai ya canza, amma ba don na yi wayo ba. Kurakurai na yi ta yi, su nake so in lissafa miki.

Na farko shi ne raini. Da aka ce ajin mata ne a zauren cibiyar unguwa, sai na ɗauka taro ne irin namu. Na ɗaura atamfata mai ɗawisu tamau, na sa awarwaro, na yi turare. Muka shiga na tarar da mata kusan ashirin cikin dogayen wanduna da riguna sakakku, 'yan Jawa ta Indonesiya, Larabawa, Hausawa uku, duk sun yi shiru suna ɗaga hannu sama a hankali kamar masu tafiya a cikin ruwa. A gabansu wata 'yar tsohuwa ce da farin hijabi, ba ta kai kafaɗata ba. Ita ce Khala Safiya, Musulma 'yar ƙasar Sin, ɗanta ne ke kasuwanci a nan ya kawo ta. Abin da take koyarwa sunansa tai chi, motsa jiki ne na mutanensu, ana yin sa a tsaye, a sannu, tare da numfashi. Larabcinta a karye yake, namiji ta mayar mace, mace ta mayar namiji. Na sunkuya na ce wa Hajiya Indo, "Wannan da iska za ta ɗauke ita ce za ta warkar da ni?"

Ba ta ji Hausa ba, amma ta ga fuskata. Ta yafito ni, ta ware ƙafafunta kaɗan, ta miƙo mini hannu ɗaya ta ce in ture ta. Na tura da kunya. Ta ce in ƙara. Walida, na sa duk ƙarfina, awarwaro na ta ƙara, matar nan ko gezau, kamar ina tura ginshiƙin masallaci. Sai ta ɗan juya ƙugunta kawai, na wuce ta gefenta da gudu, zanina ya kwance. Ita ce ta riƙo ni da hannun nan ɗaya don kada in kai ƙasa. Hajiya Indo ta yi dariya har da zama. Khala Safiya ba ta yi dariya ba. Ta gyara mini zanin da kanta, ta ce, "Shuwayya-shuwayya, ya binti," wato sannu-sannu, 'yata.

A Kano ke ce za ki zama mai karyayyen harshe. Za ki ce sayyara maimakon mota, a yi miki dariya, a kira ki 'yar Makka. Kada ki ji kin ƙasƙanta, kada kuma ki rama a kan wani. Matar da ta fi kowa sani a cikin duk waɗanda na sadu da su ba ta iya haɗa jimla ɗaya daidai da Larabci. Idan kika ga mutum ƙarami a ido yana koyar da abu, ki zauna ki ga abin tukuna.

Kuskure na biyu ƙarya ce. Ban gaya wa Abbanki inda nake zuwa ba. Na ce masa ajin hadda na shiga, Talata da Alhamis. Tsoro nake kada ya ce bautar wani abu ce ta mutanen gabas, domin wasu matan layinmu sun riga sun fara faɗar haka, wai ana kiran iska da hannu. Ke ma na sa ki cikin ƙaryar, na ce idan ya tambaya ki ce hadda. Wannan ya fi komai ci mini rai yanzu.

Wata biyu ana haka, sai wata safiya ya dawo ɗaukar wani ƙarfen aiki da ya manta. Ya tarar da ni a tsakiyar falo, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a zagaye a gabana, ido a lumshe. Wannan tsayuwar Hajiya Indo ta raɗa mata suna rungumar tulu, kamar yadda ta sa wa sauran tura ƙofa, shanya, da korar kaza, don sunayen asalin sun fi ƙarfin bakinmu. Na buɗe ido na gan shi a bakin ƙofa.

Ya ce, "Rabi, wace sura ce wannan?"

Na zauna na faɗa masa komai. Ya yi mini tambaya biyu kacal: ana rusuna wa wani? Ana karanta wasu kalmomi? Na ce a'a, da bismillah Khala Safiya ke buɗe aji, idan an kira salla kuma ita ce ta farko a sahu. Sai ya ce, "To me ya kai ki jingina abin da Alƙur'ani? Da kin tambaye ni, ni zan kai ki har ƙofa. Wata biyu ina murna ina cewa matata ta kusa izu biyar." Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki ƙarfensa ya fita. Na gwammace da ya yi faɗa.

Dole na shiga haddar da gaske don in wanke fuskata, kin ga ƙarya ta jawo mini aji biyu. Shi kuwa yanzu kin san shi, in bayansa ya riƙe daga hawan tsani, sai ya rufe ƙofar falo ya ce in nuna masa tura ƙofar nan, amma kada in gaya wa abokansa. Abin da nake so ki riƙe: duk abin da kike yi a Kano wanda kika ji kina neman wani suna mai kyau ki rufe shi da shi, ki tsaya. Ko dai abin ba shi da kyau, ki bari, ko yana da kyau, ki faɗe shi da sunansa. Goggonki tana da faɗa, amma ta fi Abbanki saurin yafiya.

Na uku shi ne wanda ya bar miki tsoron da kike ɗauke da shi har jiya. Bayan wata shida jikina ya yi sauƙi. Ina barci, jirin ya tafi, ina hawa benenmu ba tsayawa. A littattafaina idan yarinya ta warke, warkewa take gaba ɗaya, a rufe babi. Sai na ce ni ma na warke, na daina shan maganin hawan jini ban gaya wa kowa ba. Sati uku bayan nan na faɗi a kasuwar Utaibiyya a gaban mai kayan miya. Ba wanda ya ɗauke ni cak. Tumatir ya fashe a bayana, takalmina ɗaya ya ɓata, kuma lambarki aka kira. Kina da shekara goma sha huɗu kika zauna a kujerar asibiti kina amsa tambayoyin likita.

Khala Safiya ta zo dubiya da wani romo a kwano. Ban taɓa ganin ta cikin fushi ba sai ranar. Ta buɗe jakarta ta zazzage a kan gadona, ƙwayoyi kala uku. Ta nuna ƙirjinta, ta nuna su, ta ce shekara goma sha biyu tana sha, kullum, ita da ta fara tai chi tun tana yarinya a gaban kakanta. Ta ce, "Wannan aikinsa daban, wannan aikinsa daban. Wa ya ce ki zaɓa?" Sai ta tattara kayanta, ta ba ni romon a baki da cokali.

Ban ƙara tsallake ko rana ɗaya ba tun daga lokacin, shekara huɗu ke nan, kuma ke shaida ce. Ke ma idan abu ya fara yi miki kyau, karatu ne ko lafiya, kada ki yar da abin da ya kawo ki wurin. Ki ci abinci kafin lacca. Ki kwana cikin gidan sauro, jininki bai san zazzaɓin can ba.

Yanzu ga babban, wanda saboda shi na ɗauki biro.

Bayan asibiti kin zama inuwata. Ki dawo makaranta ki ajiye jaka, ki ɗauki tawa. Ki raka ni aji, ki zauna a bakin ƙofar zaure da gorar ruwa da na'urar awon jini a cinya, awa ɗaya da rabi, sa'anninki suna can suna yawonsu. Ni kuma ina jin daɗi. Ina ce wa mata, "Ga likitata can."

A lokacin Khala Safiya tana koya mana tafiya. Za ki ce wa ke koya wa babbar mace tafiya, amma wata uku muka yi a kanta. Ƙa'idar ita ce, kafin ki ɗaga ƙafa sai kin kwashe duk nauyinki daga kanta kin mayar kan ɗayar, har ta zama ba ta ɗauke da komai, sannan ta tashi da kanta ba fizga. Ni kullum sai in fizgi ƙafar alhali rabin jikina yana kanta, in yi tangaɗi. Takan zo ta sa ɗan yatsan ƙafarta ta taɓa diddigena. In ƙafar ta motsa, ta gyaɗa kai. In ta ƙi, ta ce, "Da saura." Na ji kalmar nan ta fi sau ɗari.

Wata Alhamis tana cikin taɓa diddigena sai ta ɗaga kai ta hango ki. Ta tambaye ni wace ce yarinyar da ke zama kullum. Na ce 'yata ce, cike da alfahari. Ta ce, "Yaushe take wasa?" Ta taka har bakin ƙofa, ta karɓi gorar da jakar daga hannunki, ta ce ki tafi gida. Kin tuna yadda kika dube ni? Ni ma na so in ce a bar ki. Hajiya Indo ta daka mini harara ta ce, "In kinka buɗe baki sai na zauna maki a kai." Kika tafi kina waiwaye.

Ranar na koma gida ni kaɗai, karo na farko cikin wata takwas. Hajiya Indo da gangan ta ce tana da unguwa. Tafiyar minti goma ce, ta gaban mai burodin tamis, ta gaban shagon ɗinki, a haye titi. Ina tafe ina jiran jiri ya zo. Na yi yadda aka koya mini, na saki kafaɗa, na sauke numfashi har ciki, na mayar da nauyi kan ƙafa ɗaya, na ɗaga ɗayar. A bakin titin nan, ina jiran motoci su wuce, na gane abin da tsohuwar ta gani. Shekara da shekaru a kanki nake tsaye. Ta yaya za ki ɗaga?

Na iso na tarar da ke a tagar bene kina leƙe. Na yi kamar ban gan ki ba.

Da na ce miki daga ranar na sauke miki nauyin duka, da na sake yin ƙarya. Kin daina raka ni aji, amma har yau ke kike jera mini magani a ɗan akwatin nan mai ranakun mako. Ke kike tuna ranar ganin likita. In na yi tari a ɗaki sai in ji takunki a bakin ƙofa. Na iya duk wannan da kaina tuntuni, na bar miki ne don yana yi mini daɗi a ce akwai mai sauraren tarina. Da Khala Safiya za ta taɓa diddigen nan, cewa za ta yi da saura. Jiya da kika ajiye fasfon, na ga sauran da idona.

Ba laifinki ba ne, Walida. Ni na koya miki cewa ƙaunata ita ce gadina. Ki yafe mini wannan. Kuma ki kula, kada ki je Kano ki nemi wata mai kwanciya ki zama ƙafarta, domin hannunki ya saba. Za ki haɗu da ƙawaye masu son a ɗauke su. Ki taimaka, amma ki duba ko mutum yana ƙoƙarin tsayawa. Idan wata rana wani ya zo da maganganu irin na littattafaina, yana cewa ba zai iya rayuwa ba sai da ke, ki ji tausayinsa, ki ce ya fara koyon rayuwar tukuna. Na fi ki son irin waɗannan kalamai, har gobe ina karanta su ina share hawaye, amma na san nauyinsu a kan wanda aka faɗa wa.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Khala Safiya za ta koma ƙasarsu bayan Hajji, ta ce tana so ta ga jikokinta tun idonta yana gani. Wata 'yar Jawa da ta fi mu daɗewa za ta riƙe ajin Alhamis. Na Talata, na sababbin shiga, ni ta ce in riƙe, saboda matanmu sun yi yawa yanzu kuma ina iya yi musu bayani da Hausa. Na ce mata ni da na faɗi a gaban mai tumatir? Ta ce shi ya sa. Ta ce wadda ba ta taɓa tangaɗi ba ba ta san inda za ta riƙe mutum ba. Sati uku ina ja mata rai, domin a ɓoye ina tunanin ko in bi ki Kano in zauna wata shida, wai don in ga kin saba. Na ma fara saƙa yadda za a yi a raina, har da kalar labulen ɗakinmu. Kin ga uwarki.

Ina so ki san irin matar da zan tsaya a wurinta. Shekara biyar ban ga ta yi gaggawa ba, ban kuma ga ta makara ba. Ta san wadda mijinta ba shi da lafiya, ta san wadda takardunta suka ƙare take tsoron fita, ba ta tambaya, sai dai ta tsaya kusa da mutum ta daidaita masa kafaɗa. Ba zan kai ta ba. Amma zan iya taɓa diddige in ce da saura.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sauke ki lafiya. Ya tsare ki a sama da ƙasa, a aji da a hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya nisanta ki da masu cutarwa. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya sa ki gama da mu lafiya. Duk ɗawafin da zan yi, da ke a cikinsa. Ki gaishe da Goggonki, ki ba ta dabinon da ke cikin shuɗiyar jakar, turaren kuma na mijinta ne.

In kin duba kan firij ba za ki ga akwatin maganin ba, yana ɗakina, na jera na satin nan da hannuna. Fasfonki yana aljihun jakarki na ciki. Na ce wa Abbanki kada ya taɓa tikitin. Ɗazu kuma na kira Khala Safiya na ce mata na karɓi ajin Talata. Ba zan bi ki ba, ke kuma ba za ki zauna ba. Ranar Alhamis za mu raka ki Jidda.

Wassalam.

Ummanki,
Rabi'atu